Kwalin Magani da Takardar Cikinsa: Abin da Doka ta Tanada da Inda Take Tsayawa

Duk abin da mutum zai saya a kasuwa yana da hanyar gwada shi kafin ya biya. Mai sayen hatsi zai damƙa ya duba, mai sayen yadi zai murza, mai sayen akuya zai buɗe bakinta. Magani ne ba ya gwaduwa. Farar ƙwaya farar ƙwaya ce, ko ta zazzaɓi ce, ko ta hawan jini, ko alli aka dunƙula. Mai saye ba shi da madogara sai rubutun da ke jikin kwali da 'yar takardar da aka ninke aka cusa a ciki. Shi ya sa hukumomin magani a duniya ba sa yi wa sinadari rajista shi kaɗai. Suna yi masa ne tare da kalmomin da za su raka shi kasuwa, kuma kamfani ba shi da ikon sauya muhimmin bayani a cikinsu sai da sanin hukuma. A idon doka, rubutun wani sashe ne na maganin.

Abin da wannan nazari zai duba shi ne asalin wannan doka, da abin da take nema a Tarayyar Turai inda ta fi cika, da abin da take nema a Najeriya. Matsayina kuwa shi ne, dokar Najeriya ta kula da abin da za a buga a kwali, amma ta saki hanyar da bayanin zai bi ya isa ga wanda zai haɗiye maganin.

Yadda aka faro

Kusan kowane sashe na wannan doka sai da aka yi asarar rayuka kafin a rubuta shi. A Amurka, dokar 1906 ta tilasta wa masu sayarwa su bayyana a jikin kwalba in akwai giya, ko ofiyom, ko mofin, ko hodar ibilis a ciki, domin a zamanin har ruwan kwantar da jarirai ana zuba masa mofin. Sai dai ba ta nemi a gwada magani kafin a sayar ba. A 1937 kamfanin Massengill na jihar Tenesi ya narka maganin salfanilamaid a cikin dayitilin gilaikol, wani ruwa mai zaƙi-zaƙi da ke kashe ƙoda. Sama da mutum 100 suka mutu, da yawansu yara. Hukuma ta duba dokar da ke hannunta, ba ta ga inda ta hana sayar da maganin da ba a gwada ba. Abin da ta samu ta ƙwace kayan da shi kawai shi ne sunan da aka rubuta a kwalbar, wanda ke nuna da giya aka narka maganin alhali babu ita. Shekara na zagayowa, a 1938, aka yi sabuwar doka da ta wajabta tabbatar da rashin cutarwa, ta kuma wajabta rubuta isasshen bayanin yadda za a yi amfani da magani.

Turai kuwa talidomaid ne ya farkar da ita. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar da shi a 1957 a matsayin maganin barci, aka riƙa bai wa mata masu laulayi, ana tallarsa a kan cewa ba ya cutarwa. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, an haifi jarirai kimanin 10,000 da nakasa a hannu da ƙafa. Daga nan aka samu umarnin Turai na farko kan magunguna a 1965, da dokar magunguna ta Birtaniya ta 1968.

Duk da haka, takardar cikin kwali ta daɗe tana zaman wasiƙa tsakanin kamfani da likita. Majinyaci ba ya cikin lissafi. A Ingila an ma saba miƙa masa kwalba ba tare da sunan abin da ke ciki ba. Sauyi ya fara ne a Amurka a 1970, lokacin da aka wajabta sa takardar gargaɗi ga mata a cikin ƙwayar tsara iyali, bayan ta bayyana cewa tana iya jawo daskarewar jini. Hujjar ita ce, lafiyayyar mace ce ke sha, ita ce kuma za ta ɗauki haɗarin, don haka ita ta fi kowa cancantar sani. Wannan hujja ce daga baya ta game dukkan magunguna.

Abin da Turai ke nema

A 1992 Turai ta fitar da umarni mai lamba 92/27 da ya wajabta takardar bayani ga majinyaci, kuma daga 1999 kowane magani a Birtaniya sai da ita. An tattara dokokin a umarni mai lamba 2001/83. Sashe na 54 ya jero abin da dole ya fito a bayan kwali: sunan magani da ƙarfinsa da siffarsa, sunan sinadarin da ke aiki, adadin abin da ke ciki, ta inda ake amfani da shi, gargaɗin a ajiye inda yara ba za su gani ko su kai hannu ba, ranar ƙarewar wa'adi, yadda za a adana, sunan mai lasisi da adireshinsa, lambar lasisi, da lambar zubi. Har fili dole a bari inda mai harhaɗa magani zai rubuta adadin da likita ya ce a sha. Lambar zubi ta cancanci a tsaya a kanta. Ita ce ke nuna tukunyar da aka sarrafa maganin a cikinta, kuma ranar da aka gano wani zubi ya gurɓace, da ita ake bin sawunsa a janye shi daga kasuwa. Saboda haka sashe na 55 ya ce ko katin ƙwaya, wanda ba shi da fili, dole ya ɗauki suna, da mai lasisi, da ranar ƙarewa, da lambar zubi.

Takardar ciki ita ma tana da jerin da ba a saɓa masa: mene ne maganin kuma me yake yi, abin da ya kamata a sani kafin a sha, yadda ake sha, illolin da zai iya jawowa, yadda ake adanawa, da abin da kwalin ya ƙunsa. Sashe na 63 ya ce a rubuta da harshen hukuma na ƙasar da za a sayar, shi ya sa kwalin magani a Beljiyam ke ɗauke da Holanci da Faransanci da Jamusanci. Gyaran da aka yi a 2004 ya ƙara da sunan magani da rubutun makafi a jikin kwali.

Amma abin da ya fi muhimmanci a gyaran na 2004, a ganina, shi ne gwajin fahimta. Ba ya wadatarwa kamfani ya ce ya rubuta. Sai ya kawo shaidar cewa talakan gari ya karanta ya gane. Jagorar Hukumar Tarayyar Turai ta 2009 ta bayyana hanyar da aka fi bi. Ana samo mutane irin waɗanda za su sha maganin, har da tsofaffi da waɗanda ba su saba da yawan karatu ba, yawanci mutum 20 a zagaye biyu. A miƙa wa kowa takardar shi kaɗai, a yi masa tambaya irin ta rayuwa: kin manta ba ki sha na safe ba, me za ki yi? Kana da gyambon ciki, za ka iya shan wannan? Ana so kashi 90 cikin 100 su gano inda amsar take, kashi 90 na waɗanda suka gano kuma su fahimce ta, wato aƙalla mutum 16 cikin 20 a kowace tambaya. In ba a kai ba, a gyara takardar a sake. Jagorar ta sa har ƙaramin girman harafin da ba a so a gaza shi. Da wannan mataki ma'aunin doka ya tashi daga abin da kamfani ya buga ya koma abin da mai karatu ya ɗauka.

Ba wai takardun Turai sun zama abin koyi ta kowace fuska ba. Sun yi tsawo, kuma dalilin tsawon shari'a ce. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar Diana Levine, wata makaɗiya da aka yanke wa hannu bayan allurar Phenergan ta shiga jijiyar da bai kamata ba. Kotun ta ce amincewar hukuma da rubutun kwali ba ta wanke kamfanin Wyeth daga alhakin ƙarancin gargaɗi ba. Hukuncin ya yi daidai, sai dai irinsa ne ke sa kamfanoni su jibge duk wata illa da aka taɓa ji, ƙarama da babba, don kare kai. Turai ta yi ƙoƙarin rage ruɗanin da karkasa illoli gwargwadon yawan aukuwarsu, daga wadda ke samun fiye da mutum 1 cikin 10 zuwa wadda ba ta kai 1 cikin 10,000 ba. Wani bincike da Dianne Berry da Peter Knapp da Theo Raynor suka wallafa a 2002 ya nuna cewa in aka bai wa mutane siffantawa da baki ba alƙaluma, sukan ɗauki haɗarin ya ninka yadda yake. Mai hawan jini da ya karanta dogon jerin illoli ya ajiye ƙwayarsa saboda tsoro, takardar ta cuce shi.

Inda gargaɗi ya zama gajere kuma aka yayata shi, yana aiki. Ciwon Reye, wanda ke kumbura ƙwaƙwalwa ya lalata hantar yaran da aka bai wa asfirin suna fama da mura ko ƙarambau, ya kama yara 555 a Amurka a 1980. Aka yi ta faɗakarwa, aka wajabta gargaɗin a jikin kwalba a 1986, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 bai fi yaro biyu ake samu a shekara ba. Raguwar ta fara tun kafin a wajabta rubutun, wanda ke nuna cewa rubutu da faɗakarwar baki tare suka yi aikin.

Dokar Najeriya

An kafa hukumar kula da magunguna ta NAFDAC da dokar soja mai lamba 15 ta 1993, kuma doka mai lamba 19 ta wannan shekarar ta haramta sarrafawa ko shigowa ko sayar da maganin da ba shi da rajista. Ƙa'idojin rubutun magani sun fito a 2005, aka sabunta su a 2021. In aka jera su da na Turai, a kan takarda ba su da nisa: sunan kasuwa da sunan sinadari, ƙarfi, adadi, sunan masana'anta da inda take, lambar zubi, ranar yi da ranar ƙarewa, yanayin adanawa, gargaɗi, da lambar rajistar NAFDAC. Takardar bayani ga majinyaci tana cikin abin da hukumar ke dubawa kafin ta ba da rajista. Zamanin Farfesa Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, ya cusa lambar NAFDAC a bakin jama'a, har wanda bai taɓa shiga aji ba ya san ya juya kwali ya neme ta. A 2010 aka ƙara da lambar kankarewa, wadda ake turawa ta saƙon waya a ji ko maganin na gaske ne, musamman a magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince NAFDAC ta kai mataki na uku na ƙwarewa, wanda ƙasashen Afirka kaɗan ne suka kai. Wannan duk aiki ne na gaske, kuma bai kamata a rage masa daraja ba.

Matsala ta farko harshe ce. Ƙa'idojin sun wajabta Ingilishi, sauran harsuna kuma wanda ya ga dama. Kusan babu kamfanin da ke ganin damar. Ga shi kuwa wasu dokokin ƙasar sun riga sun yi gaba: sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce ma'aikacin lafiya ya yi wa majinyaci bayani, gwargwadon hali, da harshen da yake ji tare da la'akari da zurfin karatunsa, sashe na 114 na dokar kare masu saye ta 2018 kuma ya bai wa mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Afirka ta Kudu ta wajabta Ingilishi da aƙalla wani harshen hukuma guda. A nan, mutanen da ke magana da Hausa sun kai miliyoyi da dama, amma takardar da ke gaya wa uwa cokali nawa za ta bai wa jaririnta tana zuwa da Ingilishin likitoci, da harafi ƙanana, sau da yawa da Faransanci a bayanta don kasuwar maƙwabta. Wannan Faransancin shi kansa ya rushe uzurin rashin fili da tsada. A Nijar lamarin ya fi cakuɗewa: a kasuwannin Maraɗi da Damagaram ana samun kwali mai Faransanci da wanda ya ƙetaro daga Najeriya da Ingilishi, a ƙasar da kundin sake ginin ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Sai dai wanda ya ce fassara kaɗai za ta warware matsalar bai duba alƙaluma ba. Binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, matan da ke tsakanin shekara 15 da 49 masu iya karatu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Su ne kuwa ke jinyar yara. Don haka ana buƙatar hoto, ana buƙatar launi, ana buƙatar bayanin baki. Akwai misalai masu kyau a hannu. Kwalin Coartem na zazzaɓin cizon sauro yana zuwa da girma daban-daban gwargwadon nauyin mai sha, da hoton rana da na wata a gefen kowane sha. Magungunan rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara gida-gida da damina suna da launi ɗaya na 'yan wata 3 zuwa 11, wani kuma na 'yan wata 12 zuwa 59. Hoton ma sai an gwada shi. Binciken Ros Dowse a Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ya nuna cewa hotunan da aka zana tare da mutanen wuri an fi gane su a kan waɗanda aka kwaso daga Amurka.

Matsala ta biyu ta fi ta harshe girma, kuma doka ba ta cika kallonta ba. Mafi yawan mutanenmu ba sa sayen kwali. Ku tsaya a ƙofar kowane kemis na unguwa bayan magariba. Yarinya ta zo da kuɗi a dunƙule a hannu: "Wai in ji Ummana, a haɗa mata na zazzaɓi da ciwon jiki na ɗari biyar." Mai kemis ya ɗauki almakashi, ya yanko biyu daga wannan kati, uku daga wancan, ya ƙirgo wasu daga babban gwangwani, ya ƙulle a farar leda. "Ki ce wa Hajiya ja da safe, fari da dare, Allah ya ƙara sauƙi." Kwalin yana kan kanta, takardar tana kwandon shara, almakashin ya raba ranar ƙarewa da lambar zubi daga ƙwayar da aka tafi da ita. Duk abin da NAFDAC ta tantance a Legas ya tsaya a kan wannan kanta. A asibitoci da yawa ma abin da majinyaci ke fita da shi 'yar ambulan ce mai zane uku, babu suna, babu ƙarfi, babu kwana nawa.

Ba ƙeta ce ke sa mai kemis yin haka ba. Kuɗin da ke hannun mai saye ne ba ya kai na kwali. Amma ga abin da ake asara. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 na farasitamol a yini ba, kuma yawancin magungunan mura da na ciwon jiki suna ɗauke da shi a ciki. Wanda aka haɗa wa kala uku a leda ba shi da hanyar sanin cewa abu ɗaya yake maimaitawa har ya taɓa hanta. Maganin zazzaɓi irin Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu awa takwas bayan na farko, tare da abinci mai maiƙo ko madara, in ba haka ba jiki ba ya jansa sosai. Garin amoksisilin na yara da tafasasshen ruwan da ya huce ake haɗa shi zuwa layin da ke jikin kwalba, a girgiza kafin kowane sha, a zubar bayan kwanakin da aka rubuta. Cokalin da ake nufi kuma mililita 5 ne, ba kowane cokalin da ke kwando ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya shiga leda.

Birtaniya ta fuskanci irin wannan giɓi, ta toshe shi da doka. Balfurowet, maganin farfaɗiya, yana jawo nakasa ga kusan jariri 1 cikin 10 da uwarsa ta sha tana da ciki, kashi 30 zuwa 40 cikin 100 kuma suna samun matsalar girman ƙwaƙwalwa. An sa gargaɗi a kwali, amma mata suka ci gaba da karɓar maganin a fararen kwalaye marasa gargaɗi saboda masu harhaɗawa suna raba na asali. Daga Oktoba 2023 doka ta ce a ba da shi a cikakken kwalinsa na asali, sai da wani dalili na musamman. Ana sayar da wannan magani a nan ma.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na maganin cibiya. Kuloheksidin mai ƙarfin kashi 7.1 cikin 100 magani ne mai araha da ake shafa wa cibiyar jariri don hana ta ruɓa, ya kuma ceci rayuka da yawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa tun daga 2015 an samu sama da mutum 40 a ƙasashe tara na Afirka kudu da Sahara da aka ɗiga wa shi a ido, wasu har suka makance. Dalilin a fili yake: 'yar kwalbar ta yi kama da ta maganin ɗigawa a ido, bututun man kuma ya yi kama da na man ido. An miƙa wa uwa ko kaka a cikin kayan haihuwa, rubutun da ke jiki ba ya yi mata magana, siffar kuwa ta yi. Maganin ba jabu ba ne, wa'adinsa bai ƙare ba, kuma wataƙila ya cika duk sharuɗɗan da aka jero a ƙa'ida. Da an ɗora wannan kwalba a tafin mata 20 an tambaye su ina ake sa ta, da an gano matsalar kafin ta kai ga idon jariri.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ya dame mu. Mai maganin gargajiya da ke zagaya kasuwa da lasifika a kan mota da Hausa yake magana, kwalbarsa ma da Hausa ya rubuta basir da sanyi da shawara. NAFDAC na bai wa irin waɗannan magunguna lambar jeri bayan ta duba rashin cutarwa, tana kuma wajabta a rubuta cewa ba ta tantance ikirarin warkarwar ba. Ikirarin yana fita da Hausa da babbar murya, togaciyar tana kwance da Ingilishi a ƙasan kwalba. Wanda bai da hujja ya samu kunnen jama'a, wanda ke da ita ya yi shiru.

Iyakar rubutu

Ya kamata a faɗi abin da rubutu ba zai iya ba. Ba ya iya shaidar abin da ke cikin kwalba. Dayitilin gilaikol ɗin da ya yi ɓarna a Amurka a 1937 shi ne ya kashe yara sama da 100 a Jos da Ibadan a 1990 ta ruwan farasitamol, shi ne ya kashe yara 84 ta maganin haƙori na My Pikin a 2008 zuwa 2009, shi ne kuma aka samu a ruwan tarin da aka danganta da mutuwar yara kimanin 70 a Gambiya a 2022. Babu kwalbar da ta rubuta sunansa. Lambar rajista ma ana buga ta jabu, shi ya sa NAFDAC ta buɗe rumbun Greenbook a intanet don a duba ko lamba ta dace da suna. Haka nan kwali zai ce a ajiye ƙasa da digiri 30, amma a Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu yana haura 40, shagon kuma rufin kwano ne, balle mai talla a tire a tashar mota. Waɗannan aikin ɗakin gwaji ne da masu sa ido, da matakai irin mayar da dillalan magani na Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro a Kano a 2024. Amma ko a nan rubutu na da rawarsa: ranar da aka yi shelar janye wani zubi, wanda ke riƙe da kwali zai iya dubawa, wanda ke riƙe da leda kuwa sai dai ya yi addu'a.

Gyaran da nake gani bai fi ƙarfin ƙasar ba. A fara da magungunan yara da waɗanda ake saye ba takardar likita, a wajabta muhimman bayanai kaɗan da Hausa da Yarbanci da Ibo: na mene ne, nawa ake sha, kwana nawa, wa bai kamata ya sha ba, yaushe za a garzaya asibiti. Ƙasar da ta buga darajar ƙananan takardun Naira da waɗannan harsuna uku tun 2007 ba za ta ce abin baƙo ne ba. Kada a bar wa kowane kamfani ya yi fassararsa, domin kuskure a adadin sha kisa ne. Hukumar magunguna ta Turai tana da tsayayyun jimloli da kanun bayani a kowane harshe na ƙasashenta. Mu ma a zaunar da masana harhaɗa magunguna na Zariya da masana Hausa na Bayero da Usmanu Danfodiyo su fitar da namu, a boko da ajami, a gwada su a kan iyaye mata a ƙauye da birni kafin a amince. Alamar da ake haskawa da waya, wadda Japan ta koma kanta tun 2021 a takardun magungunan asibiti, a wurinmu murya ya kamata ta buɗe, mutum ya saurari bayanin da harshensa. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta PCN, wadda ke ba masu kemis lasisi, ita kuma ta tsaya a kan cewa duk ƙwayar da ta bar kwalinta ta fita da suna da ƙarfi da ranar ƙarewa a jikin ambulan, kamfanoni kuma su yi ƙananan ƙunshi na cikakken sha ɗaya daidai aljihun talaka, kowane da bayaninsa.

Sashen da ya shafi kwali da takarda ba ya buƙatar Majalisar Tarayya ta zauna. Dokar da ta kafa NAFDAC ta bai wa majalisar gudanarwarta ikon yin ƙa'idoji da amincewar Ministan Lafiya, kuma da wannan ikon aka yi na 2005 da na 2021.